Daga Loma Zuwa Motsi: Tarihin Gano Yadda Jiki Ke Ajiye Ƙarfi da Kashe Shi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Manomi ba ya fita huɗa da yunwa, ɗan dako ba ya ɗaukar kaya sai ya taɓa wani abu, ɗalibi ma idan cikinsa na kuka karatu ba ya zama. Wannan kowa ya sani tun kaka da kakanni. Tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce, ta wace hanya lomar tuwo ke rikiɗa ta zama bugun zuciya, da ɗaga fartanya, da tunani?

Mu da muka zauna ajin ilimin halittu, an ba mu amsar cikin shafi ɗaya ko biyu. An ce mana sukarin gulukos na haɗuwa da iskar oksijin a cikin ƙwayar halitta, sai a sami iskar kabon-dayoksaid da ruwa da wani abu mai suna ATP. Muka haddace, muka rubuta a jarrabawa, muka wuce. Abin da manhaja ba ta ba malamanmu lokacin faɗa mana ba shi ne, wannan ɗan shafi ya ci fiye da shekara 200 ana gardama a kansa, kuma kusan kowane mataki da aka taka, sai da aka rushe wani abu da manyan masana na lokacin suka haɗu a kai. Tarihin wannan gardama ne wannan maƙala za ta bi daki-daki, domin 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai su ga asalin abin da muka haddace, da kuma inda ya kai duniya a fagen magani.

Wutar da Ba Ta da Harshe

A hunturun 1782 zuwa 1783, wasu Faransawa biyu, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, suka ƙera wata tukunya wadda aka kewaye cikinta da ƙanƙara, suka sanya ɓeran Masar a tsakiya. Ɗumin jikin dabbar ya riƙa narkar da ƙanƙarar, su kuma suna tara ruwan suna aunawa. Sa'an nan suka auna yawan iskar kabon-dayoksaid da irin wannan dabba ke fitarwa, suka ƙona gawayi suka ga yawan zafin da yake bayarwa kafin ya fitar da iska daidai wannan. Lissafin biyu ya zo kusa da juna ƙwarai. Daga nan Lavoisier ya yanke hukunci cewa numfashi wata irin ƙuna ce, kamar ta gawayi a murhu, sai dai a hankali take tafiya, ba harshen wuta, ba hayaƙi.

Lavoisier ya zaci a cikin huhu ake wannan ƙuna. Bai samu damar ci gaba da binciken ba, domin a shekarar 1794, lokacin juyin juya halin Faransa, aka fille masa kai saboda yana cikin masu karɓar wa sarki haraji. Sai a ƙarni na 19 aka tabbatar cewa huhu ƙofa ce kawai, ainihin aikin yana gudana ne a cikin naman jiki, wato a cikin ƙwayoyin halitta. Amma wannan ya haifar da wasu tambayoyi biyu masu wuya. Na farko, sukari ba ya kamawa da wuta a zafin jikin mutum, wanda bai wuce digiri 37 ba, to me ke ƙona shi? Na biyu, zafi kaɗai ba ya motsa tsoka, to a wace siffa ake kama ƙarfin kafin ya salwanta?

Yisti da Gardamar Rai

Amsar tambaya ta farko ta fito ne daga yisti, wannan da masu gidan burodi ke sa wa ƙulli ya tashi. Louis Pasteur na Faransa ya nuna tun daga 1857 cewa yisti halitta ce mai rai, kuma ita ce ke farfasa sukari ta fitar da barasa da iska. Ya tsaya kai da fata cewa wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ƙwaya mai rai. Da yake Pasteur babban masani ne, maganarsa ta zama kamar yankan wuƙa.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, wato a 1897, wani Bajamushe mai suna Eduard Buchner ya bayyana abin da ya rushe wannan ra'ayi. Shi da wansa Hans suna neman ruwan yisti ne domin gwajin magani. Suka niƙa yisti da rairayi har ƙwayoyin suka fashe, suka matse ruwan. Don kada ruwan ya lalace, sai aka zuba masa sukari mai yawa, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan itacen da ake son adanawa. Ba da daɗewa ba ruwan ya fara kumfa. Babu ƙwaya mai rai ko guda a ciki, amma ga sukari na farfashewa. Ashe abin da ke aikin wasu sinadarai ne da ƙwayar ke ƙerawa, waɗanda ake kira inzayim, masu sa abu ya auku cikin sauri ba tare da zafin wuta ba. Buchner ya sami kyautar Nobel a 1907, ya kuma rasu a 1917 sanadin raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tun da aka ga ana iya binciken al'amarin rai a cikin kwalba, sai hanya ta buɗe. A Cibiyar Lister ta Landan, Arthur Harden da William Young suka lura a 1906 cewa ruwan yisti kan fara aiki da ƙarfi, sa'an nan ya lafa, amma da zarar an zuba masa gishirin fosfet sai ya farfaɗo. Da suka bi sawun fosfet ɗin, sai suka tarar ya manne wa sukarin. Ba wanda ya san dalili a lokacin. Wannan shi ne karo na farko da fosfet ya shigo labarin, kuma kamar yadda za mu gani, shi ne mabuɗin tambaya ta biyu.

Tsoka da Tsamin Nono

A daidai wannan zamani, wasu masanan na binciken tsokar kwaɗo. A 1907, Walter Fletcher da Frederick Hopkins na Jami'ar Kambirij suka nuna cewa idan tsoka ta yi aiki ba wadatar iska, wani asid kan taru a cikinta, wanda shi ne dai ke sa nono ya yi tsami, ana kiransa laktik. Otto Meyerhof a Jamus ya gano cewa daga sukarin da tsoka ta ajiye ake samun wannan asid, Archibald Hill a Ingila kuma ya auna zafin da tsoka ke fitarwa lokacin da take aiki. Aka ba su biyun kyautar Nobel ta 1922. Duniyar ilimi ta yarda cewa samuwar wannan asid ita ce ke sa tsoka ta takure.

A 1930 sai wani matashin likita a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, Einar Lundsgaard, ya ba tsoka wata guba da ke hana samuwar asid ɗin baki ɗaya. Bisa ra'ayin manya, ya kamata tsokar ta tsaya cik. Sai ga ta tana takurewa sau da dama kafin ta sandare. Da ya bincika, ya ga abin da ke ƙarewa a cikinta wani sinadari ne mai ɗauke da fosfet, wanda aka gano a 1927, mai suna fosfokiriyatin. Hill da kansa ya karɓi gaskiya, har ya rubuta maƙala a 1932 yana kiran abin da juyin juya hali a ilimin tsoka.

Shekara guda kafin gwajin Lundsgaard, wato a 1929, an riga an ciro wani sinadarin daga tsoka ba tare da an fahimci girmansa ba. Karl Lohmann, wanda ke aiki ƙarƙashin Meyerhof, shi ya fara buga labarinsa. A Jami'ar Harvard ta Amurka kuma, Cyrus Fiske da wani Ba'indiye mai suna Yellapragada Subbarow sun gano shi su ma ba tare da sanin aikin Lohmann ba. Wannan sinadari shi ne ATP, ma'ana adenosin mai fosfet uku jere da juna. Subbarow bai samu kujerar dindindin a Harvard ba, don haka ya koma wani kamfanin magunguna a 1940, inda ya jagoranci binciken da ya samar da maganin tsutsar da ke kawo tundurmi da kuma wani maganin sankarar jini, kafin ya rasu a 1948.

A 1934 Lohmann ya nuna cewa fosfokiriyatin ma ba shi ne ke motsa tsoka kai tsaye ba, aikinsa shi ne ya miƙa fosfet ɗinsa domin a sake gina ATP da aka kashe. A 1939 kuma, a birnin Masko, wani masani da matarsa, Vladimir Engelhardt da Militsa Lyubimova, suka gano cewa zaren furotin ɗin da ke takure tsoka, mai suna miyosin, shi da kansa ke ɓalle fosfet daga jikin ATP. A nan aka haɗa sinadari da motsi.

Fritz Lipmann ne ya tattara waɗannan gutsattsarin ya ɗinke su a 1941. Bayaninsa shi ne, ƙwayar halitta ba ta amfani da ƙarfin abinci kai tsaye. Tana farfasa abinci kaɗan-kaɗan, ta yi amfani da ƙarfin da ya fito ta liƙa fosfet na uku a jikin ADP, wato mai fosfet biyu, ya zama ATP. Duk inda ake bukatar aiki, sai a ɓalle wannan fosfet na ukun, ƙarfi ya fito, ADP ya koma a sake ɗora masa. Misalinsa kamar mutumin da ya sayar da sa ne a kasuwa. Ba zai je wurin mai ƙosai da sa ba, sai ya mai da shi kuɗi, kuɗin ma ya nemi canji. ATP shi ne canjin da kowane mai sayarwa a cikin jiki ke karɓa, ko tsoka ce, ko jijiya, ko ƙoda.

Krebs da Tattabaru

Zuwa wajen 1940 an kammala gano matakai goma da ake bi wajen tsaga gulukos gida biyu. Wannan hanya ba ta bukatar iska, amma ribarta ATP biyu ne kacal daga kowace ƙwayar gulukos. Mafi yawan ƙarfin yana nan kulle cikin gutsattsarin biyu da suka rage. Wanda ya gano yadda ake ƙarasa su shi ne Hans Krebs.

Krebs likita ne Bayahude ɗan ƙasar Jamus, wanda ya koyi bincike a wurin Otto Warburg a Balin. Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka kore shi daga aikinsa a Freiburg. Ya yi ƙaura zuwa Kambirij, daga nan ya koma Jami'ar Sheffield a 1935. Ba shi kaɗai wannan guguwa ta kora ba. Meyerhof ya bar Jamus a 1938, Lipmann ma ya ƙare a Amurka a 1939. Cikin 'yan shekaru ƙasar da ke kan gaba a wannan fanni ta kori gwanayenta da hannunta, wasu ƙasashe suka tsinci dami a kala.

A Sheffield, Krebs da ɗalibinsa William Johnson suka riƙa niƙa tsokar ƙirjin tattabara, domin tsoka ce mai cin iska ƙwarai saboda tashi. Suna zuba mata sinadarai iri-iri suna auna iskar da take sha. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya riga ya lura cewa wasu asid kaɗan na ƙara wa irin wannan tsoka numfashi fiye da kima. Krebs ya gane dalili: matakan ba miƙaƙƙen layi ba ne, zagaye ne. Guntun sukari kan shiga ya haɗu da wani sinadari su zama asid ɗin sitirik, irin wanda ke cikin lemun tsami, a yi ta sassaƙarsa ana fitar da kabon-dayoksaid da haidurojin, har a dawo kan sinadarin farko, shi kuma ya sake karɓar wani guntun. A 1937 ya aika da taƙaitaccen bayani ga mujallar Nature, edita ya mayar masa da shi bisa hujjar cewa wasiƙu sun yi musu yawa. Sai wata mujalla ta ƙasar Holan, Enzymologia, ta buga cikakken aikin. A 1953 Krebs da Lipmann suka raba kyautar Nobel.

Ina Murhun Yake?

Tun a ƙarni na 19 masu duba madubin ƙara girma suke ganin wasu 'yan ƙwayoyi a cikin ƙwayar halitta, wasu kamar zare, wasu kamar tsaba. A 1898 Carl Benda ya raɗa musu suna mitokondiriya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin zare da tsaba. Shekara hamsin ana kallonsu ba a tabbatar da aikinsu ba. A 1948 da 1949, Eugene Kennedy da Albert Lehninger a Jami'ar Shikago suka ware su daga hantar ɓera, suka nuna cewa zagayen Krebs, da ƙona kitse, da ƙera mafi yawan ATP duk a cikinsu ake yi. Da madubi mai aiki da lantarki ya samu, George Palade ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa kowace mitokondiriya tantani biyu gare ta, na cikin kuma a nannaɗe yake kamar rawani.

A jikin wannan tantani na ciki akwai jerin wasu furotin masu ƙarfe a cikinsu. David Keilin ne ya bayyana su a Kambirij a 1925, ya kira su saitokurom. Haidurojin ɗin da zagayen Krebs ya fitar yana ba da ilektoron ɗinsa, su kuma su riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu kamar masu miƙon bulo a wurin gini, har ya isa ga iskar oksijin, a sami ruwa. Wannan shi ne ainihin amfanin iskar da muke shaƙa. Warburg, wanda ya sami Nobel a 1931, ya nuna cewa gubar sayanaid da iskar kabon-monoksaid na toshe matakin ƙarshe na wannan jeri.

Saura tambaya guda: ta yaya wucewar ilektoron ke zama ATP? Manyan ɗakunan bincike na Amurka da Turai sun tabbata cewa akwai wani sinadari ɗan tsakani da ke ɗauko ƙarfin, kamar yadda aka gani wajen tsaga gulukos. Aka shafe shekaru ana nemansa, aka kashe kuɗi masu yawa, an sha shelar cewa an same shi, daga baya a janye.

Mitchell da Madatsar Ruwa

A 1961 wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, wanda ke koyarwa a Jami'ar Edinbara, ya ce abin da ake nema babu shi. A ganinsa, yayin da ilektoron ke wucewa, furotin ɗin nan na tura furoton, wato ƙwayar haidurojin mai cajin lantarki, daga wannan ɓangare na tantani zuwa wancan. Sai su taru a gefe guda, kamar yadda ruwa ke taruwa a bayan madatsar Kainji. Hanya ɗaya ce aka bar musu su komo, ta cikin wani inzayim, kuma ƙarfin komowarsu ne ke ƙera ATP, kamar yadda ruwan da aka sako ke juya injin ba da wutar lantarki.

Masana da yawa sun ɗauki maganar shirme. Ciwon gyambon ciki ya sa Mitchell ya ajiye aikin jami'a a 1963, ya koma wani tsohon gida mai suna Glynn a yankin Cornwall, ya gyara shi da kuɗin gidansu ya mai da shi ɗakin bincike, yana kuma kiwon shanun madara a gefe. Tare da abokiyar aikinsa Jennifer Moyle suka riƙa auna fitar furoton daga mitokondiriya. Gardamar ta yi zafi har ta kai ga ɓacin rai a tarukan masana.

Gwaje-gwajen wasu ne suka raba gardama. A 1966 André Jagendorf da Ernest Uribe a Amurka suka ciro 'yan jakunkunan da ganye ke kama hasken rana da su, suka jiƙa su cikin ruwa mai tsami har furoton ya cika cikinsu, sa'an nan suka tsoma su farat ɗaya cikin ruwa marar tsami. A cikin duhu, ba haske ba abinci, sai ga ATP. A 1974 kuma Efraim Racker da Walther Stoeckenius suka haɗa wata jakar maiƙo da hannunsu, suka sa mata famfon furoton na wata ƙwayar bakteriya mai aiki da haske, da inzayim mai ƙera ATP na zuciyar sa. Da aka haska fitila, ATP ya samu. A 1978 aka ba Mitchell kyautar Nobel shi kaɗai. Daga baya an gyara wasu lissafe-lissafensa, amma ginshiƙin maganarsa ya tsaya, kuma an gano cewa bakteriya da tsirrai da dabbobi duk da wannan dabara suke rayuwa.

Injin da Ke Juyawa

Ko da Mitchell ya kawo misalin madatsa, ba a zaci akwai abin da ke juyawa da gaske ba. Paul Boyer na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ne ya kawo shawarar, daga shekarun 1970, cewa inzayim ɗin na da kujeru uku, kuma wani sanda a tsakiyarsu na juyawa yana matsa su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta saki ATP ɗinta. A 1994 John Walker da abokan aikinsa a Kambirij suka fitar da siffar wannan inzayim daga zuciyar sa, aka ga kujeru ukun da sandan a tsakiya. A 1997 wasu masana a Japan, cikinsu har da Hiroyuki Noji da Masasuke Yoshida da Kazuhiko Kinosita, suka manna wa sandan wani siririn zare mai ƙyalli, suka zuba ATP, suka kalli zaren yana juyawa ta madubi. A wannan shekarar Boyer da Walker suka sami Nobel tare da Jens Skou na Denmak, wanda ya gano a 1957, ta binciken jijiyar ƙaguwa, famfon da ke kashe ATP wajen fitar da gishirin sodiyam daga ƙwaya. Kowane zagaye guda na wannan inji yana ba da ATP uku, kuma yana iya juyawa kimanin sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Tsarki ya tabbata ga Mahaliccin da Ya sanya irin wannan inji a cikin abin da ido ba ya gani.

Rumbu, Buhu da Aljihu

Yanzu za mu iya fahimtar yadda jiki ke ajiya. Kitse shi ne rumbu. Kowane giram ɗaya na kitse na ɗauke da kimanin kilokalori 9, alhali sitaci da sukari 4 ne, kuma kitsen da ke jikin mutum mai lafiya kan iya riƙe shi makonni. Buhun da ke cikin ɗaki kuwa shi ne gilaikojin, wato sukarin da aka ƙulla sarƙa-sarƙa, wanda Claude Bernard na Faransa ya ciro daga hanta a 1857. Hantar babban mutum kan riƙe kimanin giram 100, tsokoki kuma kimanin 400. Na hantar nan ne ke tallafa wa mai azumi da sukari a cikin jini da rana, musamman domin ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kimanin kashi 20 na ƙarfinsa.

ATP kuwa kuɗin aljihu ne, ba a tara shi. Duk wanda ke jikin mutum a lokaci guda bai kai rabin kilo ba, amma saboda ana kashewa ana sake ginawa ba dare ba rana, abin da mutum ke juyawa a yini ɗaya ya kai kusan nauyin jikinsa. Ɗan tseren mita 100 kan cinye ATP ɗin da ke tsokarsa cikin daƙiƙa biyu ko uku, fosfokiriyatin ya riƙe shi wajen daƙiƙa goma. Idan rai ya fita, ƙera ATP ya tsaya, sai zaren tsoka ya kasa sakin juna, shi ya sa gawa ke sandarewa bayan 'yan sa'o'i.

Akwai kuma gyara ga abin da muka haddace. Littattafan zamaninmu sun ce ƙwayar gulukos ɗaya na ba da ATP 38, wasu su ce 36. Da aka fahimci aikin madatsar da injin, aka ƙirga furoton ɗin da ake bukata, aka kuma cire kuɗin dakon shigar da kaya cikin mitokondiriya da fitar da su, sai adadin ya sauko zuwa tsakanin 30 da 32. Wanda 'ya'yansa suka kawo masa wannan sabon lissafi kada ya ce malaminsu ne ya yi kuskure.

Me Wannan Ya Amfana Mana?

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne da kwaɗi da tattabaru. To ga inda ya shafe mu. Rogo mai ɗaci na ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, wadda Warburg ya nuna tana toshe matakin ƙarshe na numfashin ƙwaya. Jiƙa rogo na kwanaki, da gurza shi, da matsewa, da soyawa, su ne ke fitar da gubar, kuma gaggawa wajen waɗannan matakai ta sha jawo asarar rayuka a gida guda. Hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki kuwa kabon-monoksaid ne, yana hana jini ɗaukar iska, yana kuma toshe wannan mataki.

Babban misali shi ne tarin fuka. Ƙwayar cutar ma tana da nata injin mai juyawa, wanda ya ɗan bambanta da namu. A 2005 masu bincike a ƙasar Beljiyam suka bayyana wani sinadari da ke maƙale injin ƙwayar cutar ya hana shi juyawa, ya bar na mutum yana aikinsa. Wannan shi ne maganin bedaquiline, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2012, bayan kimanin shekara 40 ba a samu sabon nau'in maganin tarin fuka ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wani haɗin ƙwayoyi na wata shida mai ɗauke da shi domin tarin da ya bijire wa magani, a maimakon jinyar da kan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, wadda a da har da allurai.

Kammalawa

Lavoisier da ɓeransa, da Buchner da yistinsa, da Krebs da tattabarunsa, babu wanda ke neman maganin tari a cikinsu. Tambaya ce kawai suka riƙe suka ƙi saki, kowanne ya auna abin da zai iya aunawa, ya bar wa na bayansa. Pasteur da Meyerhof da Hill manyan masana ne, amma gwaji ɗaya na wanda bai kai su suna ba ya gyara musu zance, ilimin kuma bai ragu da haka ba, sai ma ƙaruwa. Abin lura shi ne, wasu daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da kayan da ba su fi ƙarfin ɗakin kimiyya na makarantar sakandare mai kyau ba aka fara su: ƙanƙara, rairayi, yisti, sukari da kwalba. Yaron da ya ga ruwan yisti na kumfa da idonsa, ya auna iskar da hannunsa, ya fi wanda ya haddace adadi kusa da zama mai bincike. Don haka idan ƙungiyarmu ta zauna tsara ayyukan da za ta yi wa makaranta, ya dace ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da kayan aikinsa, da mai kula da shi, su shiga sahun gaba. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya kuma ba ƙannenmu da 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.